Haƙƙin Wanda Fari Ya Tasa Daga Garinsu

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, yake saukar da ruwa inda ya so gwargwadon yadda ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, abin da za mu duba a wannan mako shi ne matsayin mutumin da fari, ko ambaliya, ko janyewar tafki ta tasa daga garinsu, ya zo ya sauka a gefen garin wasu da iyalinsa da 'yan dabbobinsa. Ruwan da za a bar shi ya sha, da wurin da zai kafa bukka, da ɗan filin da zai noma ko ya yi kiwo, shin alheri ne wanda masu gari za su yi in sun ga dama, su hana in sun ga dama, ko kuwa haƙƙi ne wanda za a tambaye su a kansa gobe kiyama? Tambayar tsohuwa ce, amma abin da masana ke kira canjin yanayi ya sake ɗora ta a gabanmu.

Bayanin canjin yanayi a taƙaice shi ne, tun sa'ad da mutanen Turai suka fara ƙona kwal a masana'antunsu, shekara fiye da 200 da suka wuce, sa'an nan aka bi da man fetur da gas, wata iska da ke fita cikin hayaƙin, wadda ake kira iskar kabon, take ta taruwa a sama tana tsare zafin rana kamar yadda bargo ke tsare zafin jiki. Kafin zamanin masana'antu yawanta cikin iska kashi 280 ne cikin miliyan, yanzu ya haura 420. Shekarar 2024 ta fi duk shekarun da aka auna kafinta zafi, har zafin duniya ya ɗara na wancan zamani da kimanin digiri ɗaya da rabi. Mutumin Sakkwato da ya saba da bazara zai ji wannan ya yi dariya, amma lissafin na duniya ne dukanta, teku da tudu, kuma ya isa ya rikita damina: ta makara, ko ta ɗauke shuka tana tsakiyar girma, ko ta zubar da ruwan wata guda a dare ɗaya. A 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa in ba a yi wani abu ba, kafin 2050 mutane har miliyan 216 suna iya barin wurarensu su koma wasu wurare cikin ƙasashensu saboda wannan, miliyan 86 daga cikinsu a Afirka kudu da Sahara. Alhali kuwa abin da Afirka dukanta take fitarwa na wannan hayaƙi bai kai kashi 4 cikin 100 ba.

Mu dai a wannan yanki ba sai an ba mu labarin fari ba. Kakanninmu sun ga Kakalaba a 1913 zuwa 1914, kuma wannan ya isa ya nuna ba kowane fari ne za a ɗora wa masana'antu ba. Waɗanda suka manyanta sun ga na 1972 zuwa 1974, sa'ad da Buzaye da Fulani waɗanda dukiyarsu ta ƙare suka cika sansanin Lazare a Yamai, wasu suka gangaro Kano da Katsina, mutumin da jiya yake da raƙuma ya koma gadi a ƙofar gidan wani. A lokacin an yi ta zargin makiyaya da masu saran itace, wai su suka jawo hamada. Daga baya bincike ya nuna cewa babban dalilin ɗaukewar ruwan nan shi ne sauyin zafin tekuna, kuma hayaƙin masana'antun Turai da Amurka yana da hannu a ciki. Watau an ɗora wa wanda abin ya faɗa wa laifin da mafi yawansa ba nasa ba ne.

Tafkin Cadi kuwa, wanda a 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita kamar 25,000, zuwa tsakiyar shekarun 1980 ya koma kimanin kashi 1 cikin 10 na wannan. Masunta da manoma daga gefen Nijeriya suka riƙa bin ruwa, yana ja suna bi, suna kafa ƙauyuka a kan busasshen gindin tafkin, har suka wayi gari a Darak da kewayenta, wurin da taswira ta ce ƙasar Kamaru ce. Maganar ta kai Kotun Duniya, ta yanke hukunci a 2002, kuma a ƙarshen 2003 Nijeriya ta miƙa ƙauyuka fiye da 30. Mutanen nan ba su fita da niyyar ƙetare iyakar kowa ba, kifi suka bi. Gaskiya ne ruwan tafkin ya ɗan dawo daga baya, kuma mafi yawan waɗanda suka gudu daga yankin tun 2009 yaƙin Boko Haram ne ya kore su. Amma wanda ya ga yadda madatsar Alau ta ɓalle a kan Maiduguri cikin watan Satumba na 2024, ko ambaliyar 2022 wadda ta raba mutane fiye da miliyan 1 da gidajensu a Nijeriya, ya san cewa yawan ruwa ma yana korar mutum kamar yadda rashinsa yake yi.

To, a nan ne ake shigo da maganar ƙaddara, kuma sau da yawa ana shigo da ita ta baibai. Za ka ji mutum yana zaune a inuwa, rumbunsa cike, yana cewa da waɗannan mutane suna da tawakkali da sun zauna a garinsu sun yi haƙuri da abin da Allah ya hukunta. Wannan magana Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi, ya riga ya amsa ta. Sa'ad da ya nufi Sham, ya isa wani wuri da ake kira Sargu, aka gaya masa annoba ta ɓarke a gaba, ya yi shawara ya yanke cewa a juya. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah zai yi. Umar ya nuna masa cewa wanda ya bar ƙaddara, cikin wata ƙaddarar yake shiga, ya kuma buga masa misali da mai raƙuma da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya a bushe: duk gefen da ya kai dabbobinsa, da ƙaddarar Allah ya kai su. Mai karatu ya lura, misalin da Umar ya zaɓa misalin makiyayi ne mai barin busasshiyar ƙasa ya nufi ɗanya. Haka nan Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, babu wanda zai koya masa tawakkali, amma da yunwa ta sauka a Kan'ana ya aika 'ya'yansa Masar neman awo, daga ƙarshe ma gidan duka ya tashi ya koma can. Mu kanmu cin rani al'adarmu ce tun kaka da kakanni, ba mu taɓa jin malami ya ce raunin imani ne ba.

Akwai kuma masu cewa fari azaba ce, wanda ya same shi zunubinsa ne ya jawo masa. Ba mu musun cewa saɓo yana hana albarka, shi ya sa ake tuba kafin a fita roƙon ruwa. Amma ware wasu mutane a ce su ne masu laifi domin ruwa ya ɗauke a garinsu, wannan shisshigi ne cikin abin da Allah kaɗai ya sani. Aya ta 41 cikin Suratur Rum ta danganta ɓarnar da ke bayyana a tudu da teku ga abin da hannayen mutane suka aikata, ba ta ce lalle mai aikatawa shi ne mai fara ɗanɗanawa ba. A zamaninmu ma muna gani da ido: mai hayaƙi yana wata nahiya, mai busasshiyar gona yana Damargu. Kuma fari mafi tsanani da aka sani a farkon Musulunci a kan sahabbai ya sauka, a zamanin halifa adali.

Wannan ita ce Shekarar Toka, Amur Ramada da Larabci, shekara ta 18 bayan Hijira. An kira ta haka ne domin ƙasa ta ƙone ta yi baƙi, iska tana kwasar ƙura kamar toka. Wata tara aka yi ana cikinta. Larabawan ƙauye, waɗanda dabbobinsu suka mutu, suka kwararo Madina dubbai, suka sauka a gefen gari. In da a ce yau ne, da sunansu 'yan gudun hijirar yanayi. To, me Umar ya yi? Bai sa a tare hanya ba, bai ce Madina ta cika ba, alhali kuwa mutanen Madina su ma suna cikin yunwar. Ya naɗa mutane a kowace kusurwar gari suna ƙirga waɗanda suka sauka suna raba musu abinci, ana girka manyan tukwane tun asuba, marasa lafiya da yara ana kai musu har inda suke. Ya rubuta wa gwamnoninsa na ƙasashen da ke da wadata, Abu Ubaida ya zo daga Sham da raƙuma 4,000 ɗauke da abinci, Amru ɗan Asi ya aiko ta tudu da ta ruwa. Ya jinkirta karɓar zakka a shekarar, ya dakatar da yanke hannun wanda yunwa ta sa ya yi sata. Shi kansa ya yi rantsuwa ba zai ci nama ko man shanu ba sai talakawa sun samu, ya zauna a kan gurasa da man zaitun har launin jikinsa ya sauya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina cikin labarin nan wata magana ce da aka ruwaito daga gare shi, cewa da abin ya ci gaba har baitulmali ya ƙare, da ya shigar wa kowane gida mai ɗan hali mutane adadin mutanen gidan, a raba abinci biyu, domin mutum ba ya mutuwa a kan rabin cikinsa. Mai mulki ba ya tilasta wa jama'a abin da yake nafila. Tun da Umar ya yi niyyar tilastawa, to a wurinsa ciyar da waɗannan baƙi wajibi ne a kan masu gari. Kuma da aka yi roƙon ruwa, Allah ya saukar da rahama, bai bar su su zama mabarata a Madina ba, ya ba su guzuri da abin hawa suka koma ƙauyukansu.

Malaman fiƙihu ba su bar wannan a matsayin labari kawai ba. Hadisi ya zo cewa mutane sun yi tarayya cikin ruwa da ciyawa da wuta. Mai Risala, wadda yaranmu ke karantawa a zaure, ya kawo cewa ba a hana rarar ruwa domin a hana ciyawar da ke kusa da shi, kuma masu rijiyar dabbobi su suka fi cancanta su fara shayarwa, bayan sun gama sauran mutane daidai suke a kanta. A cikin Muhtasar kuwa an tafi gaba da haka: wanda yake da rarar abinci ko abin sha, ya hana wanda ya matsu har ya mutu, ana ɗora masa alhakin ransa, har da biyan diyya. In mabukacin yana da abin biya ya biya, in ba shi da shi ba a hana shi saboda haka. Sa'an nan cikin mutane takwas da Suratut Tauba ta ce a ba su zakka akwai ibnus sabil. Ma'anar kalmar ɗan hanya, watau Larabawa sun danganta shi ga hanya kamar ita ta haife shi, domin a inda yake ba shi da kowa sai ita. Ana ba shi ko da mawadaci ne a garinsu, in dai ya yanke daga dukiyarsa, balle wanda garin nasu ma rairayi ya binne ko ruwa ya cinye.

Na san abin da manomi zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce: Malam, ni ma talaka ne, gonar da ubanmu ya noma shi kaɗai yau mu bakwai muka raba, taki ya gagara, sa'an nan a ce in buɗe wa baƙo? Ga shi kuma cikin masu zuwa akwai ɓarayi da masu ɗauke da bindiga. Amsa ita ce shari'a ba ta ce a ƙwace na bakinka a ba wani ba. Kalmar da malamai suka yi amfani da ita fadlu ce, watau rara, abin da ya saura bayan bukata. Kuma shari'ar da ta ba baƙo haƙƙi ita ta ɗora masa haƙƙin mai gari. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hukunci a kan taguwar Barra'u ɗan Azibu da ta shiga gonar wani, cewa tsaron gona da rana yana kan mai ita, ɓarnar da dabbobi suka yi da dare kuwa mai dabbobi zai biya. Wanda ya kora shanu cikin dawar mutum da gangan azzalumi ne ko da fari ne ya koro shi, wanda kuma ya ɗauki makami ya tare hanya hukuncinsa yana cikin Suratul Ma'ida, yunwa ba ta wanke shi. Sai dai laifin ɗan fashi ba ya zubar da haƙƙin tsohuwar da ta zo da jikoki da akuya biyu.

Tambayar da ba a cika so a yi ba ita ce, rarar tana hannun wa? Umar ya keɓe wani makiyayi na gwamnati, ya sa wani baransa mai suna Hunayyu ya kula da shi, ya umurce shi ya riƙa barin mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, amma ya tsare dabbobin Ibnu Aufin da na Ibnu Affan. Dalilinsa shi ne waɗannan biyu in dabbobinsu sun mutu suna da gonakin dabino da za su koma, shi kuwa talaka zai kwaso 'ya'yansa ne ya zo ƙofar halifa yana kuka. Sahabbai biyu ke nan daga cikin goma da aka yi wa bushara da Aljanna, amma aka ce a fifita talaka a kansu wajen ciyawa. Mu fa? A 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe makiyayai, ga burtali ga mashaya, kowa ya san iyakarsu. Mai karatu ya zaga ƙaramar hukumarsu ya gani, nawa ne suka rage, kuma wa ya kewaye sauran da waya. A wurare da yawa ba ƙaramin manomi ne ya cinye su ba. Ana barin talakan manomi da talakan makiyayi suna zubar da jinin juna a kan bakin fadama, rarar kuwa tana can cikin shingen wanda ko gonar bai cika zuwa ba.

Hukumomi ma suna da nasu kason. A watan Janairu na 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta umurci baƙin da ba su da takardu su fita, mutane fiye da miliyan 1 suka fita, cikinsu har da 'yan Nijar da 'yan Cadi. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa saboda canjin kuɗi da fasa-ƙwauri, ba a buɗe ba sai 1986. Gwamnatocin suna da dalilansu, kuma shugabannin biyu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya gafarta musu. Amma rufewar ta faɗo daidai da babban farin 1984, sa'ad da mutanen Maraɗi da Damagaram suka fi bukatar hatsin kudu da aikin cin rani, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar suna El-Buhari. Duk mai riƙe da mabuɗin iyaka ya kamata ya san wannan suna, ya san kuma cewa layin da Ingila da Faransa suka ja bai raba Katsina da Maraɗi a wurin Allah ba.

Dokokin duniya har yanzu ba su kai inda fiƙihu ya kai ba. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ta san wanda ya gudu saboda ana tsananta masa a kan addini ko ƙabila ko siyasa, ba ta san wanda fari ya kora ba. Yarjejeniyar Kamfala ta 2009, wadda Tarayyar Afirka ta yi, ta ambaci waɗanda bala'in yanayi ya tasa, amma cikin ƙasarsu kawai. A taron Sharmus Shaihi na Masar a 2022 an amince a kafa asusun biyan hasarar da canjin yanayi ya jawo wa ƙasashe matalauta. A ma'aunin shari'a wannan kuɗi ba sadaka ba ce, domin ƙa'ida ce sananniya cewa wanda ya jawo ɓarna shi ke biya, ko da bai yi nufi ba. Amma kada jiran wannan biya ya zama mana uzuri, domin mafi yawan waɗanda yanayi ke tasa ba Turai suke zuwa ba, garin da ke gaba da nasu suke zuwa, watau wurinmu.

Kuma kamar yadda Umar ya mai da mutane garuruwansu da guzuri, taimakon da ya fi shi ne wanda zai sa mutum ya iya zama a ƙasarsa. Bayan farin 1984 manoman jihohin Maraɗi da Damagaram suka daina tumɓuke kututturen gawo da sauran itatuwa in suna sassabe, suna barin tohon suna gyara shi, har aka ƙiyasta ƙasar da ta farfaɗo ta haka da kimanin hekta miliyan 5. Masu neman inda za su sa dukiyar wakafi, ga wuri: rijiya a kan burtali, da dashen itace, da irin shuka mai saurin nuna.

Akwai wani abu cikin tarihin Ansaru da ba a cika ambata ba. Kowa ya san yadda Ausu da Hazraju suka karɓi Muhajirai, suka raba musu gidaje da dabino, har Suratul Hashri ta yabe su da fifita waninsu a kan kansu alhali suna cikin bukata. Masana tarihi sun ce asalin ƙabilun nan biyu daga Yaman ne, daga cikin Azdu, kuma abin da ya warwatsa kakanninsu shi ne lalacewar madatsar ruwa ta Ma'aribu, wadda Suratu Saba'i ta ba da labarin ambaliyarta da yadda gonaki masu albarka suka koma tsamiyar jeji da 'yar magarya. Suka yi ta tafiya har suka sauka Yasriba suna baƙi, a gefen waɗanda suka riga su. Mu ma in aka bi salsalar unguwanninmu, Zangon Barebari, da Tudun Nufawa, da Agadasawa a cikin birnin Kano, da zangunan Hausawa na Kumasi da Akara, da Mai Wurno a bakin kogin Nilu a Sudan, sunayen kaɗai sun isa su gaya mana cewa masu gari na yau jiya saukar su aka yi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba ko ya halatta a ɗauki zakkar hatsi daga garin da aka noma shi a kai wani gari inda yunwa ta fi tsanani, da abin da malaman Malikiyya suka faɗa game da nisan da ya kai tafiyar ƙasaru.